DUNIYAR HALITTU: Dodon Koɗi Mai Farautar 'Yan'uwansa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a cikin garin Bauchi, ko kuwa ya ci kasuwar ƙauye a gundumar Zungur, ba zai rasa ganin wuri ba a shimfiɗar 'yan koli da masu maganin gargajiya. Ana ɗinka shi a jikin laya, ana yi wa ƙwarya da kayan kiɗa ado da shi, tsofaffi kuwa suna ba da labarin cewa da shi kakanninsu suka yi ciniki. Kalmar kuɗi ma ita kanta jam'in wuri ce. Sa'ad da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano cikin 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wurin nan ƙoƙon wani dodon koɗi ne na teku, wanda ke zaune a kan duwatsun murjani. Mafi yawan wanda ya zo ƙasar Hausa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya aka kwaso shi, daga baya kuma fataken Turai suka riƙa kawo wani iri daga wajen Zanzibar. Watau Bahaushe ya daɗe da sanin gawar wannan halitta, ko da yake bai taɓa ganin ta da rai ba.

To, yanzu zamani ya fara kawo ta da ranta. A otal-otal da ofisoshi da gidajen masu hali a manyan biranen ƙasar nan ana ganin akwatin gilashi cike da ruwa, kifaye masu launi suna kai da kawowa a ciki. Galibinsu na ruwan daɗi ne, amma wanda ya fi tsada, ya kuma fi ɗaukar ido, shi ne na ruwan gishiri, inda ake shirya murjani da duwatsu da yashi a kwaikwayi ƙarƙashin teku. Masu irin wannan akwati a ƙasashen duniya sun koyi wani darasi da kuɗinsu: kafin a haɗa wata halitta da wata a ruwa ɗaya, sai an san abin da kowacce take ci. Darasin nan ya shafi mai kiwon tarwaɗa, ya shafi manomin shinkafa a fadama, ya shafi uban da ɗansa ke wanka a kududdufi, ko da ba su taɓa ganin teku ba.

AKWATIN RUWAN GISHIRI

Riƙon akwatin ruwan gishiri aiki ne ja. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, gishirin miya kuwa ba ya yi, sai wani na musamman da aka haɗa da sauran ma'adinan da ke cikin teku. Ana son zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 dare da rana. Ana bukatar famfo mai motsa ruwa ba tsayawa, da fitila mai ƙarfi, domin yawancin murjanin da ake ajiyewa yana da wata gansakuka ƙanƙanuwa a cikin jikinsa wadda ke sarrafa masa abinci daga haske. A gari irin Bauchi, inda zafin bazara kan doshi digiri 40, wutar lantarki kuma kan ɗauke ba sallama, sa'o'i kaɗan sun isa a yi hasarar abin da aka tara cikin shekara.

Duk da haka, inji da kuɗi suna maganin zafi da wuta. Abin da kuɗi ba sa magani shi ne mugun maƙwabci a cikin akwatin. Banda kifi, mazauna akwatin duk halittu ne marasa ƙashin baya: murjani, wanda dabba ne ko da yake ya yi kama da tsiro ko dutse, da jatan lande, da ƙaguwa, da tauraruwar teku, da manyan kawa masu ƙoƙo biyu, da dodon koɗi iri-iri. Da yawansu ba sa iya gudu, wasu ma ba sa motsawa daga inda aka ajiye su. Wanda ya zo cin su ya same su a zaune.

Mai akwati kan sayi dodon koɗi ne don shara. Gansakuka kan rufe gilashi da duwatsu, sai a zuba irin waɗanda masana ke kira Trochus da Turbo, su yi ta kiwo a kanta kamar tumaki a makiyaya. Akwai kuma Nassarius, wanda ke binne kansa cikin yashi, in ya ji warin mushe ko ragowar abinci sai ya fito ya share. Ƙaramin wurin nan da aka yi kuɗi da shi yana cikin masu kiwon gansakuka. Saboda haka ne sabon shiga yake ɗauka cewa kowane dodon koɗi mai shara ne, salihi, ba ya cutar kowa. Nan kuskure yake farawa.

MASU KIWO DA MASU FARAUTA

Kusan kowane dodon koɗi yana da wani harshe mai jerin ƙananan haƙora kamar magagari. Mai kiwo yana kankare gansakuka da shi. Amma a teku akwai dubban iri waɗanda suka mai da wannan harshe makamin farauta, kowane dangi da dabararsa.

Akwai mahuda. Dangin Murex da dangin Natica sukan hau kan kawa ko kan wani dodon koɗi, su zubo wani ruwa mai tausasa ƙoƙo, sa'an nan su yi ta goga da harshe, su sake zubawa, su sake gogawa. Aikin kan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci har kwanaki. In rami ya ɓulle sai su zura dogon baki su cinye mai gidan a cikin ɗakinsa. Abin da mai akwati zai tarar da safe shi ne ƙoƙo wofi da 'yar huda kewayayya, sumul, kamar kafinta ne ya yi ta.

Akwai masu kokawa, irin su Fasciolaria na tekun Amurka, wanda ke rungume ɗan'uwansa da faffaɗar ƙafarsa ya zura baki ta ƙofar ƙoƙon. Guda ɗaya ya isa ya ƙarar da masu sharar akwati ɗaya bayan ɗaya.

Akwai masu shan jini. Wasu fararen dodannin koɗi na dangin Pyramidella, waɗanda ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, sukan ɓuya a ƙarƙashin babbar kawa da rana, da dare su hau su yi ta tsotson ruwan jikinta. Suna hayayyafa da sauri, kawar kuwa sai ta yi ta ramewa har ta mutu, mai ita bai ga abin da ya kashe ta ba. Akwai kuma masu cin murjani kansa, kamar Heliacus mai zane-zane kamar dara, da Drupella, wanda cikin shekarun 1980 ya yi yawa a gaɓar Ningaloo ta yammacin Ostareliya har ya kashe murjani mai ɗimbin yawa.

Sarkinsu duka shi ne Conus, mai ƙoƙo kamar mazurari, mai kyan zane har mutum ya so ya sa shi a aljihu. Shi haƙorinsa ya zama kamar kibiya mai kunne, da rami a ciki kamar allurar likita. Yakan harba shi cikin ƙiftawar ido, ya ɗura dafi. Wasu irinsa tsutsa suke ci, wasu dodon koɗi, wasu kuwa kifi suke kamawa, su da tafiyarsu ba ta fi ta hawainiya ba. Wanda ake kira Conus geographus ya kashe mutane da dama waɗanda suka ɗauke shi da hannu. Babu allurar da ke karya dafinsa, sai dai a taimaki mutum da na'urar numfashi har dafin ya sake shi. Wani abin mamaki, daga dafin wani ɗan'uwansa, Conus magus, aka samo maganin matsanancin ciwo mai suna Prialt, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi cikin 2004. Binciken ya faro ne daga ɗakin gwajin Farfesa Baldomero Olivera, mutumin Filifin, a Jami'ar Utah.

YADDA ƁARAWO KE SHIGA

Mai karatu zai ce, to wa zai sayi irin waɗannan ya zuba a akwatinsa? Ta hanya biyu suke shiga. Ta farko, mai sayarwa kan kama wani ƙaramin mafarauci mai kama da Nassarius ya sayar da shi a matsayin mai shara, ko da gangan ko cikin rashin sani. Ta biyu, masu akwati suna sayen abin da suke kira dutse mai rai, watau ɓaraguzan murjani da aka ɗebo daga teku da dukan ƙananan halittun da ke cikin ramukansu. A cikin ramukan nan ƙwai da 'ya'yan mafarauta suke laɓewa. Sai bayan watanni, sun girma, sa'an nan a fara ganin ɓarna.

Waɗanda suka daɗe cikin sana'ar suna da ƙa'idodi. Ba sa zuba sabon abu cikin babban akwati sai ya yi makonni a wani ƙarami shi kaɗai, ana lura da shi. Suna leƙa akwatin da tocila da tsakar dare, domin yawancin mafarautan da dare suke fita. Suna kuma duban bakin ƙoƙo: wanda ƙofarsa take a kewaye, galibi mai kiwo ne, wanda ƙofarsa ta miƙe ta yi kwararo kamar bakin buta, inda yake fiddo dogon hancin da yake shinshina ruwa da shi, galibi mai cin nama ne, ko mai rai ko mushe. Wannan alama ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, gama akwai masu kwararon da kiwo suke yi, amma ta isa ta sa mutum ya dakata ya yi tambaya.

Rigimar kuwa ba ta tsaya ga dodon koɗi ba. Akwai wata ƙaguwa wadda ba ta da ƙoƙon kanta a bayan jiki, sai ta shiga na dodon koɗi. In ta girma gidan ya matse ta, ba ta sami wofi ba, sai ta kashe mai gida ta gaje. Talibambam na teku yana fasa ƙoƙo da haƙoransa kamar gyaɗa. Akwai jatan landen da ba ya cin kome sai tauraruwar teku. Har magani ma yana cikin lissafi: magungunan kifi masu ɗauke da tagulla suna warkar da kifin, amma suna hallaka duk wani marar ƙashin baya da ke cikin ruwan.

Yara sun san wasa ƙwaƙwalwar nan ta mutumin da zai haye rafi da kura da akuya da damin harawa, jirginsa kuwa ba ya ɗaukar fiye da ɗaya. Mai akwatin ruwan gishiri kullum cikin wannan lissafi yake. Masu kiwon tarwaɗa a bayan gida su ma sun san shi, shi ya sa suke ware manya daga ƙanana lokaci lokaci, don sun ga yadda wanda ya riga girma yake haɗiye 'yan'uwansa.

KUSKUREN DA YA FI ƘARFIN GYARA

In an yi kuskure cikin akwati, kuɗi ne suka tafi. A kwashe ruwa, a wanke, a sake. In aka yi shi a cikin ƙasa ko kogi, babu mai kwashe ruwan. Labarin da ya fi kowanne nuna haka shi ma na dodon koɗi ne, kuma daga Afirka ya taso.

A gabashin Afirka akwai wani ƙaton dodon koɗi na tudu, Achatina fulica, ɗan'uwan wanda ake ci a kudancin Nijeriya. Mutane suka yi ta ɗaukar sa daga tsibiri zuwa tsibiri, wasu don abinci, wasu don sha'awa. Ya isa Hawayi cikin 1936, ya isa Tahiti cikin 1967. Duk inda ya sauka sai ya cika gari, ya far wa gonaki da lambuna. Cikin 1966 wani yaro ya kawo guda uku kacal daga Hawayi zuwa birnin Miyami na Amurka, kakarsa ta sake su a lambu. Sai da aka yi kusan shekara goma, aka kashe kimanin dala miliyan ɗaya, aka tsince fiye da 18,000, kafin a ga bayansu a wannan karo.

Da abin ya ishi hukumomin aikin gona, sai suka ce a nemo wanda zai ci shi. Aka samo wani dodon koɗi mafarauci daga jihar Fulorida, Euglandina rosea, mai bin sawun yauƙin 'yan'uwansa kamar yadda kare ke bin sawun zomo. Aka sake shi a Hawayi cikin 1955, aka sake shi a tsibirin Mo'orea kusa da Tahiti cikin 1977. Ba a tsaya an gwada ba a ga wanda zai zaɓa in an ba shi zaɓi.

Ashe ƙaton Afirka ya yi masa girma. Sai ya juya ga ƙananan dodannin koɗi na asalin tsibiran, masu zama a kan itatuwa, waɗanda ake kira Partula. Waɗannan ba su san mafarauci irinsa ba, ba su da gudu, haihuwarsu kuma kaɗan ce, ɗa ɗaya ɗaya suke haifa. Matan tsibiran sun daɗe suna yin sarƙar wuya da ƙoƙunansu. Masana uku, Bryan Clarke da James Murray da Michael Johnson, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin su, suna ji suna gani mafaraucin ya bi kwari bayan kwari. Kafin 1987 sun neme su a dazukan Mo'orea sun rasa. A dukan rukunin tsibiran, fiye da iri 50 suka ɓace daga daji. Ƙaton da aka kawo mafaraucin dominsa kuwa yana nan bai ko girgiza ba. Ana gudun gara aka faɗa gidan zago.

'Yan kaɗan da aka tsirar an kai su gidajen namun daji na Turai da Amurka ana kiwon su cikin akwatuna. Na ƙarshen wani iri, Partula turgida, ya mutu a gidan namun daji na Landan cikin Janairun 1996. A Hawayi kuma na ƙarshen wani iri, wanda masu kula da shi suka laƙaba wa suna George, ya mutu ran 1 ga Janairu, 2019. Tun daga 2015 aka fara mai da zuriyar waɗanda suka tsira zuwa tsibiransu, cikin 2024 kuma aka tarar da wasu a Mo'orea waɗanda aka haifa a daji. Kuskuren rana ɗaya ya ci gyaran kusan shekara hamsin, gyaran ma na ɗan abin da ya rage ne.

Ba dodon koɗi kaɗai ba. Giwan ruwa, wanda masuntan Tafkin Chadi da Kogin Kwara suka sani tun kaka da kakanni, an zuba shi a Tafkin Biktoriya cikin shekarun 1950. A gidansa yana zaune da sauran kifaye yadda aka saba, amma a can sai ya zama annoba, ana ƙiyasin ƙananan kifaye kimanin iri 200 suka ɓace, shi ne kuwa babban dalili. Akwatin ado ma ya taɓa yin irin wannan ɓarna: cikin 1984 aka fara ganin wata ciyawar teku ta ado a ƙarƙashin gidan ajiye halittun ruwa na Monako, daga nan ta bazu a gaɓar ƙasashe da dama na Bahar Rum.

INDA ABIN YA SHAFI ZUNGUR

Ƙauyukan Zungur da Galambi da sauran kewayen Bauchi ba su da teku, amma suna da rafuka da kududdufai da ƙananan madatsun ruwa, cikinsu kuwa akwai dodon koɗin da ya fi Conus ɓarna nesa ba kusa ba, ko da yake ba shi da dafi. Shi ne ɗan ƙaramin nan Bulinus, mai ɗauke da tsutsar tsargiya. Likita Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira cikin 1851, Robert Leiper kuma ya tabbatar da hanyarta ta cikin dodon koɗi a Masar cikin 1915. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya shiga jikin dodon koɗi ya hayayyafa, dubbai su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki ko kamun kifi. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu wannan cuta. A ƙauyuka da dama an daɗe ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro ce, alhali kuwa ciwo ne da ke lalata mafitsara da ƙoda in ya daɗe.

Tun da dodon koɗi ne gadar da cutar ke bi, dole wani ya yi tunanin a kawo mai cin sa. Masu sayar da kifin ado na ruwan daɗi a duniya ma suna da irinsa, wani ɗan mafarauci mai zane rawaya da baƙi daga kudu maso gabashin Asiya, Anentome helena, wanda ake sa wa a akwati don ya cinye ƙananan dodannin koɗi da suka yi yawa. Wanda ya san labarin Mo'orea ba zai yarda a kai irin wannan bakin rafi ba.

Abin da ya faru a Senegal ya nuna wata hanya dabam. Cikin 1986 aka gama madatsar Diama kusa da bakin Kogin Senegal, don a hana ruwan gishiri hawowa. A kogin akwai wani babban jatan lande ɗan asalin Afirka ta Yamma, Macrobrachium vollenhovenii, wanda ke cin dodon koɗi. Shi kuwa 'ya'yansa ba sa tashi sai a ruwa mai ɗan gishiri a bakin teku, sa'an nan su hau kogi. Madatsar ta tare hanya, jatan lande ya ɓace a sama, ruwa ya kwanta, ciyayi suka tsiro, dodon koɗi ya yi yawa. Daga 1988 tsargiyar hanji ta ɓarke a garin Richard Toll, cikin 'yan shekaru ta kama mafi yawan mutanen garin.

Wasu masana, cikinsu har da Susanne Sokolow ta Jami'ar Stanford, suka mai da jatan landen cikin wani shingen raga a mashayar ƙauyen Lampsar, suka kwatanta da wani ƙauye da ba a sa ba, bayan an ba mutanen ƙauyukan biyu magani. Sakamakon da suka buga cikin 2015 ya nuna dodannin koɗi masu ɗauke da cutar sun ragu da kashi 80 cikin 100, yawan ƙwan tsutsa a fitsarin mutane kuma ya ragu da kusan rabi. Bambancin wannan da na Mo'orea a fili yake. A Senegal ɗan gida aka mayar gidansa, cikin shinge, ana auna abin da ya biyo baya. A Mo'orea baƙo aka saki a daji aka juya baya.

Ba a ce a kwaso jatan lande a kawo Zungur ba, gama nisanta da teku ba zai bar shi ya hayayyafa ba. Amma akwai wani gwaji da aka yi a ƙauyukan Senegal ɗin, wanda Jason Rohr da abokan aikinsa suka buga cikin 2023: cire ciyawar da ke cikin ruwa a mashaya, inda dodon koɗi ke maƙalewa, ya rage kamuwar yara da tsargiyar hanji, ciyawar kuma ta zama taki da abincin dabbobi. Wannan aikin gayya ne, in an sami dogon takalmin roba da safar hannu da manjagara. A haɗa shi da shan maganin praziquantel da ake rabawa a makarantu, da hana yin fitsari da bayan gida a bakin ruwa.

HAƊARIN DA KE TAFE

Akwai baƙo guda da ya kamata manoman shinkafa su san kamanninsa tun bai iso ba. Shi ne Pomacea, babban dodon koɗin ruwan daɗi na Kudancin Amurka, wanda aka daɗe ana sayar da danginsa don ado a akwatin kifi. An kai shi Taiwan wajen 1980 don abinci, daga nan Filifin. Mutane ba su so namansa ba, aka watsar da shi, ya shiga gonakin shinkafa ya riƙa yanke dashe tun yana ɗanye. An gan shi a fadamar Kogin Ebro ta ƙasar Sifen cikin 2009, Tarayyar Turai ta hana shigo da shi cikin 2012. Cikin 2020 aka tabbatar da ɓullarsa a gonakin shinkafa na Mwea a Kenya. Alamarsa ba ta ɓuya: ƙwai ne curi-curi, ruwan hoda mai haske, manne a jikin kara ko dutse a saman ruwa. Wanda ya ga irin wannan a fadama ya murƙushe shi da sanda, ya kai rahoto ga malamin gona.

Saboda haka wanda ya ajiye akwatin kifi, na gishiri ne ko na ruwan daɗi, ya san sunan kowace halitta da ke ciki da abincinta kafin ya biya kuɗi; in mai sayarwa bai sani ba, kada ya saya. In ya gaji da akwatin, ya ba wani mai irinsa, ko ya zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa nesa da lambatu. Kada ya ce don tausayi zai kai su rafi, ko madatsar Gubi wadda garin Bauchi ke sha. Na ruwan gishiri mutuwa za su yi a can, na ruwan daɗi kuwa ana tsoron kada su rayu.

Hukuma ita ma da nata. Hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS, ita ke da alhakin duba halittun ruwa da ake shigowa da su, ya kamata idonta ya kai ga kasuwar kifin ado, ba ga buhunan iri da dabbobi kaɗai ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi suna da masanan da za su iya tantance dodon koɗin da aka kai musu. Hakimi ko dagacin da wani ya zo masa da wata halitta cikin bokiti, ya ce in an zuba ta a tafkin gari za ta share ciyawa ko ta kashe cuta, ya yi masa tambaya uku: daga ina ta fito, me take ci, in kuma ta cinye wannan me za ta koma ci? In ba amsar ta uku, a bar ta cikin bokitin.